Zelma Gittens Ba Ta Sunkuya Ba

Zelma Gittens tana da shekara goma sha tara ta sauka daga jirgin ƙasa a garin nan namu na masaƙun ulu a arewacin Ingila, cikin watan Nuwamba na shekarar 1956, da akwati guda na kwali da wata rigar sanyi da ba ta tare komai. Daga tsibirin Barbados ta taso. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta tela. Ita ce ta uku cikin su bakwai, kuma ita kaɗai ta kai ƙarshen sakandare, ta fito da sakamakon da sai da fasto ya karanta shi a coci ranar Lahadi. Lokacin ana ta shela a tsibirin cewa asibitocin Ingila na neman 'yan mata masu son koyon jinya. Ta rubuta, aka amsa mata, mahaifiyarta ta ɗinka mata riguna uku, ta yi sati biyu a jirgin ruwa tana amai.

Asibitin da ya ɗauke ta babba ne, ginin dutse da hayaƙin masaƙu ya mayar baƙi. Aka ba ta ɗan ɗaki a gidan nas-nas, da riga, da hula, da koriyar ɗamara. Ita kaɗai ce baƙar fata a wurin, in ka ɗebe wani dattijo mai hura wutar tukunyar ɗumama ɗakuna.

Wata shida ta yi ba ta san komai ba sai fo da zanin gado. Ta kwashe kashi, ta wanke kwanon kaki, ta goge ƙarfen gadaje, ta sauya wa tsofaffi shimfiɗa. Ba ta yi ƙorafi ba, don a ganinta kowa daga nan yake farawa. Wata tsohuwa ta taɓa kama hannunta ta murza da tsumma, wai ta ga ko zai fita. Zelma ta bar mata hannun har ta gaji, sannan ta ce, "Iya, ki bar wahalar da kanki. Uwata ta yi shekara goma sha tara tana cuɗawa, bai fita ba."

Wadda ta buɗe mata ido wata 'yar Ayalan ce mai suna Breda Mulcahy, ɗakinsu na kallon juna. Breda doguwa ce mai jan gashi da bakin da ba ya hutawa. Wata rana da yamma suna shan shayi a ɗakin cin abinci, Breda ta ture wani ƙaton littafi gefe tana tsaki.

"Ƙasusuwan hannu kawai sun kusa kashe ni. Ke kin haddace?"

"Mu ba a fara mana ba tukuna," in ji Zelma.

Breda ta dube ta, ta dubi ɗamararta, ta ajiye kofi.

"Ke ƙawata, tsaya. Wai ba wanda ya gaya miki?"

"Ya gaya mini me?"

"Ba za a taɓa fara muku ba. Layi biyu ne a gidan nan. Mu masu farar ɗamara shekara uku muke yi, mu ci jarrabawa, mu zama nas mai rajista. Daga nan mutum ya zama sista, ya riƙe ɗaki. Ku masu kore shekara biyu ne, ku fito mataimaka. Yadda kika fito haka za ki tsufa. Ko gida kika koma, takardar ba ta da daraja."

Zelma ta ajiye kofinta. Ta ce, "Wace takarda kika zo da ita daga makaranta?"

Breda ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni? Na rantse miki a aji uku na tsaya. Ubana ya ce shanu sun fi buƙatata."

Washegari Litinin ce. Ƙarfe tara na safe Zelma ta goge rigarta, ta ɗauki takardar makarantarta, ta tafi ofishin Matiron, shugabar duk nas-nas ɗin asibitin. Mis Ackroyd sunanta, siririyar mace mai furfura wadda ta yi jinyar sojoji lokacin yaƙi. Ko likitoci sukan gyara tsayuwa in sun ji takunta.

"Ranki ya daɗe, na zo ne kan maganar karatuna. Ina ganin an yi kuskure, an sa ni a layin mataimaka."

Matiron ba ta karɓi takardar ba. Ta ce, "Ba a yi kuskure ba, Nas Gittens. Na ji labarin aikinki, kina da hannu mai kyau. Ku mutanenku Allah ya ba ku wannan, ga haƙuri. Amma karatun rajista yana da nauyi. Ba na so in ɗora miki abin da zai karya ki."

"Ranki ya daɗe, an ce akwai jarrabawar shiga. A ba ni. In na faɗi, ni da kaina zan koma kan fo ba tare da na sake buɗe baki ba."

"Babu gurbi. Kina iya tafiya."

Ta tafi. Litinin ta zagayo, ƙarfe tara, ta sake ƙwanƙwasa ƙofar. Maganar ɗaya ce, ba ta ƙara ba ta rage ba: a ba ni jarrabawar shiga. Aka ce babu gurbi. Litinin ta uku sakatariya ta ce Matiron ba ta da lokaci. Zelma ta ce ba komai, za ta jira, ta tsaya a bakin ƙofa da takardarta a hannu har lokacin aikinta ya yi. Daga nan abin ya zama abin kallo. Masu tura gado suka fara wucewa ta wurin da gangan, suna cewa, "Yau ma kin zo gaisuwa?" Ita kuwa sai ta ce, "Na zo. A gaida gida." Aka mayar da ita ɗakin tsofaffin da ba sa iya riƙe fitsari, inda ake tura duk wadda ake so ta gaji ta gudu. Ta yi aikin tsaf, Litinin kuma ta zo ta tsaya.

Ba wai ba ta jin tsoro ba ne. Ta san Matiron na iya korar ta da layi biyu a takarda, kuma in an kore ta ba ta da ko kuɗin jirgi. Amma in ta tuna mutanen cocinsu suna tafa mata, sai ta ga gara korar da ta koma musu da takardar wanke fo.

A Litinin ta goma sha ɗaya Matiron ta buɗe ƙofar da kanta.

"Shigo. Zauna can." Ta ajiye mata takardun tambayoyi da alƙalami. "Awa biyu. In kin faɗi, kada in sake ganin ƙafarki a barandar nan."

Ba a ba ta ko kwana ɗaya na shiri ba. Zelma ta zauna a ƙaramin tebur, Matiron na zaune tana kallon ta, ta yi lissafin, ta rubuta insha'in, ta miƙa saura minti ashirin. Bayan kwana uku sakatariya ta kawo mata farar ɗamara a naɗe cikin takarda, ba ko barka. Sharaɗin shi ne ta koma farko, watannin da ta yi duk sun tafi a banza. Ta ce ta yarda. Breda ce ta ɗaura mata ɗamarar, tana cewa, "To shugabar masu taurin kai, yanzu sai ki koya mini ƙasusuwan nan, don ni har yau ban gane su ba."

A shekararta ta biyu a sabon layi aka kai ta ɗakin tiyata na maza. A gado na bakwai akwai wani Mista Sugden, ƙaton mutum mai kula da injuna a masaƙa, wanda aka yi wa aikin gyambon ciki. Ranar farko da ta zo da ma'aunin zafi, ya janye hannunsa ya cusa cikin bargo.

"Kada ki kuskura ki taɓa ni da waɗannan hannayen. Ku kira mini nas ta gaske."

"Baba, ni ce ta gasken da ke akwai yau."

"Ni ba ubanki ba ne. Ki koma inda kika fito."

Sistar ɗakin ba ta son hayaniya. Ta ce wa Zelma ta riƙa tsallake gado na bakwai, wata za ta duba shi. Haka aka yi.

Ranar Lahadi da rana, kwana biyu bayan aikin, asibiti ya yi tsit. Manyan likitoci suna gidajensu, Sista ta tafi shan shayi, nas ɗin da ke duba Sugden kuma an aike ta ɗakin magani. Zelma tana gyara matashin gado na huɗu ta hango shi. Leɓunansa sun yi fari, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana ta hamma, yana lasar baki kamar mai ƙishirwa. Ta san wannan kamar. Ta karanta ta, ta kuma taɓa ganin ta sau ɗaya, wanda ta gani ɗin bai kai yamma ba.

Ta je ta kama wuyan hannunsa.

"Sake ni!"

"In na gama ƙirgawa."

Ya fizge, ta riƙe. Ƙarfinsa ya riga ya tafi. Ya zage ta da kalmar da ba ta faɗuwa, ya tara yawu ya tofa mata a gaban riga. Idonta na kan agogo. Bugun jininsa ɗari da talatin, siriri kamar zare. Ta yaye bargo ta taɓa cikin, ya yi tauri kamar katako. Jini ne ke zuba a ciki.

Ta ɗaga ƙafar gadon ta tokare, ta ruga wurin waya. Dokar asibiti ita ce ɗaliba ba ta kiran babban likita. Sai ta gaya wa Sista, Sista ta kira ƙaramin likita, shi kuma in ya ga dama ya kira babba. Zelma ta lissafa wannan zagayen ta ga ya fi ran mutumin tsawo. Ta ce wa mai haɗa waya ya ba ta gidan likitan da ya yi aikin.

"Wace ce?" in ji likitan, da alama daga kan cin abinci aka tashe shi.

"Nas Gittens ce, ɗaliba, ɗakin maza. Gado na bakwai yana zubar da jini a ciki. Bugunsa ɗari da talatin, cikin ya sandare. In ka tsaya gama abincin, ba za ka same shi ba."

Kafin awa guda Sugden yana kan teburin tiyata. Wani ɗinki ne ya kwance. Aka ƙara masa jini leda huɗu, ya rayu.

Da ya farfaɗo ya sami bakin magana, abin da ya fara yi shi ne ya sa matarsa ta rubuta ƙara: baƙar nas ta riƙe shi da ƙarfi bayan ya hana ta. Sista ma ta kai tata ƙarar, cewa an tsallake ta. Aka kira Zelma gaban Matiron.

"Kin karya doka biyu a rana ɗaya," in ji Mis Ackroyd. "Kin taɓa majinyacin da aka hana ki, kin kira babban likita ba izini. Za ki ba Sista haƙuri, ki ba Mista Sugden haƙuri, a rufe maganar."

"Sista zan ba ta haƙuri, ranki ya daɗe, don ɗakinta ne. Shi kuwa ba zan ba shi ba."

"Me kika ce?"

"Haƙurin me zan ba shi? Na cewa yana numfashi? Gobe in na ga wani a haka, zan sake kama hannunsa, ko zai tofa mini sau goma."

A kan teburin Matiron akwai 'yar takarda daga likitan, layi uku, yana cewa ba don kiran nan ba da gawa ya tarar. Ƙarshe dai aka rubuta wa Zelma gargaɗi a fayil, aka sauya mata ɗaki. Sugden ya warke ya fita da ƙafafunsa. Ta yi ta haɗuwa da shi a kasuwa shekara da shekaru, bai taɓa ce mata ko sannu ba. Breda takan yi ta kumfar baki a kan wannan. Zelma takan ce, "Ke rabu da shi. Ai ba don ya gode na yi ba. Aikina na yi, kuma na iya."

Ta ci jarrabawar rajista a 1960, ita ce ta ɗaya a ajinsu. A shekarar ta auri Osbert Clarke, wani ɗan Jamaika mai karɓar kuɗin mota a bas ɗin gari, mutum mai sanyin hali da son kiwon tantabara. Gidan haya bakwai suka nema, ko'ina sai a ce yanzun nan aka ba wani. Na takwas wata gwauruwa 'yar Folan ta ba su ɗaki biyu a sama. A nan suka haifi 'ya'yansu biyu mata. A wurin aiki ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta, don ta ce da wannan sunan ta sha wahala, da shi za ta ci riba.

Ribar ta daɗe ba ta zo ba. Mis Ackroyd ta yi ritaya, Breda ta yi aure ta koma ƙasarsu, aka kawo sabuwar Matiron da kwamitin ɗaukar ma'aikata, amma halin gidan bai sauya ba. Sau uku gurbin sista yana buɗewa a ɗakin tiyata, sau uku Zelma tana nema. Kowane karo sai a kira ta a ce ta yi ƙoƙari ƙwarai, saura kaɗan, sannan a ba wata Baturiya wadda ita Zelma ta koya wa riƙon allura. Abin da ya fi ciwo, sai a ce ta taimaka wa sabuwar sistar ta gane aiki. Tana yi, don majinyata ba su da laifi. Amma takan koma gida ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ta kasa cirewa. Osbert ya ce su koma Kanada, ya ji ana daraja nas a can.

"Ba inda za ni," in ji ta. "Su za su gaji."

Karo na huɗu, a 1968, ta shiga gaban kwamitin. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, shugabansu wani attajiri mai masaƙa, da sarƙar agogo a tumbi. Suka yi mata tambayoyin aiki ta amsa. Sai shugaban ya gyara murya.

"Nas Gittens, ba wanda ke shakkar iyawarki. Abin da muke tunani shi ne, anya 'yan matanmu za su ji daɗin karɓar umarni daga... daga wurinki?"

Zelma ta buɗe jaka ta fito da takarda guda ta shimfiɗa a gabansu.

"Ranka ya daɗe, waɗannan sunaye goma sha huɗu ne. Duk ni na koya musu aiki, daga wanke hannu har shirya mutum tiyata. Uku sista ne yanzu a gidan nan. Shekara takwas suna karɓar umarni daga wurina, ban ji wadda ta suma ba. Abin da ba su saba gani ba shi ne in ba da umarnin ina sanye da shuɗiyar rigar sista. Wannan kuma ba damuwarsu ba ce, taku ce."

Wani a ƙarshen tebur ya yi tari. Shugaban ya yi ja har kunne.

"Kuma in faɗa muku tun yanzu," ta ci gaba, "duk wadda kuka ba, ku nemo mai koya mata. Ni na gama rainon shugabannina. Kwafin takardar nan kuma yana hannun ƙungiyar ma'aikata, sun ce in sanar da su yadda aka yi."

Ta fito, ta shiga banɗaki ta jingina da bango har numfashinta ya dawo. Ta tabbata ta kashe kanta da bakinta. Bayan sati guda wasiƙa ta zo. An ba ta muƙamin sista.

Safiyar farko da ta sa shuɗiyar riga, wani sabon likita ya shigo ɗakin da sauri, ya wuce ta, ya leƙa ofis, ya dawo.

"Ke, ina Sista?"

"Ga ta a gabanka, likita. Sannan a ɗakina ana wanke hannu kafin a taɓa mutum. Famfo na can."

Ɗakin nata ya yi suna. Ba ta da sauƙi, ko kaɗan. Takan shafa yatsa a saman kabad, takan sa a warware bandeji a sake, ta sa ɗalibai da yawa kuka, farare da baƙaƙe. Wasu ba su taɓa yafe mata ba. Amma miki ba ya ruɓa a ɗakin Sista Gittens, kuma likitoci sun san da haka, shi ya sa suke rige-rigen kai mata masu aiki mai wuya. Duk 'yar tsibiri ko 'yar Afirka da ta zo koyon jinya, Zelma takan gayyace ta gida ranar Lahadi, ta cika ta da shinkafa da wake da soyayyen kifi, sannan ta tambaye ta takardar da ta sa wa hannu. Da yawa a teburin nan suka fara sanin an tura su ƙaramin layi, kuma daga teburin suka rubuta takardar neman sauyi.

Faɗanta na ƙarshe babba a kan sikila ne. A 1977 aka kawo wata matar aure mai suna Hyacinth, mawaƙiya a cocinsu, tana birgima don ciwon ƙashi. Likitan da ke karɓar marasa lafiya bai taɓa ganin ciwon ba. Ya ce ƙwaya take nema, irinsu sun saba, ya ba ta ƙaramin maganin ciwon kai ya sallame ta. Kwana biyu bayan nan ta rasu a gida, ta bar goyo.

Zelma ta je jana'iza ta dawo. Sai ta fara bi gida-gida bayan ta tashi aiki, da littafi a jaka, tana tambayar iyalai wa ke da ciwon, sau nawa aka kai shi asibiti, me aka ce masa. Wata tara tana wannan. Ta tara iyali sittin da uku. Ta kai wa hukumar asibiti ta ce tana son a ware ɗaki da nas guda, a koya wa likitoci ciwon, a ba kowane mai sikila kati da zai nuna a ƙofa.

Aka ce mata ciwon 'yan tsiraru ne, ba a yi tanadinsa ba.

"'Yan tsirarun nan su ke tuƙa muku bas, su ke share muku ɗakunan nan," in ji ta. "Ciwonsu ne kaɗai ba a yi tanadi ba?"

Aka ce za a duba. Ta san ma'anar za a duba. Ranar zaman hukumar na gaba ta zo da iyaye mata arba'in, kowacce da hular zuwa coci, suka cika baranda suka zauna. Ba su yi ihu ba, ba su ɗaga kwali ba. Duk ɗan hukumar da zai shiga sai ya ratsa ta tsakiyarsu, su kuma suna gaishe shi da sunansa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ja ta gefe ya ce ta tuna ita ma'aikaciya ce, wannan na iya shafar aikinta. Ta ce, "Yau ranar hutuna ce. Inda na ga dama nake zama."

Ɗakin da suka ba ta tsohon sito ne kusa da wurin wanki, babu ko taga. Osbert ya yi masa fenti, matan coci suka ɗinka labule, ta buɗe shi ranar Laraba da kujeru shida. Shekara goma sha takwas ta yi tana riƙe da shi. Kafin ta bari ya zama sashe mai likita biyu, ana zuwa daga garuruwan kewaye.

A bikin ritayarta, a 1996, wani sabon manaja da ba a haife shi ba lokacin da ta zo ya tashi ya yi jawabi. Ya ce asibitin nan ya daɗe yana alfahari da Sista Gittens, kuma tun farko ya buɗe mata ƙofa ya rungume ta. Aka tafa. Aka miƙa mata abin magana.

"Ɗana, na gode da furanni," in ji ta. "Amma kada a rubuta abin da ba a yi ba. Ba wanda ya buɗe mini ƙofa a gidan nan. Turawa na yi har ta gaji ta buɗe. Na so aikin nan, na so majinyatana, har waɗanda ba su so ni ba. Ku yara da ke baya, in an ce muku babu gurbi, ku tambaya wa ya ƙirga. To, a yanka kek ɗin nan, ƙafata ta gaji."

Bayan rasuwar Osbert ta ce za ta koma Barbados ta ƙarasa kwanakinta a bakin teku. Ta sayar da tantabarun, ta tafi. Wata takwas ta yi ta dawo. Ta ce wa 'ya'yanta can kowa na ce mata 'yar Ingila, zafi ya yi mata yawa, kuma ba ta da abokin faɗa. Ta kama ɗan gida kusa da babbar 'yarta, ta shiga kwamitin majinyata na unguwa, inda ta addabi manajoji uku a jere da wasiƙu.

Ta rasu a watan Maris na 2013, tana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeriyar jinya. Cocin bai ɗauki mutane ba, sai da aka sa lasifika a waje, 'yan sanda suka karkatar da motoci daga titin. Nas-nas shida ne suka ɗauki akwatin, sun zo cikin kayan aiki don wasunsu daga wurin za su wuce asibiti. Ana yayyafi, aka kai ta maƙabartar kan tudu aka binne ta kusa da mijinta.